Zaftarewar dusar ƙanƙara a tsaunukan Alp: yadda take aukuwa da dalilin da ya sa take cin masu yawon siki

Kowace shekara, daga watan Disamba zuwa watan Afrilu, kafofin labaran Faransa, Suwis, Italiya da Ostiriya kan kawo labarin mutanen da dusar ƙanƙara ta zaftaro ta binne a kan duwatsu. Da Faransanci ana kiran wannan zaftarewa avalanche. Kimanin mutum 100 take kashewa a Turai a shekara, kusan 30 daga cikinsu a Faransa, ashirin da ƴan kai a Suwis. A da, mutanen ƙauye take tararwa cikin gidajensu ko a kan hanya. Yau akasarin mamatan masu yawon shaƙatawa ne da suka hau dutsen da ƙafafunsu, kuma a haɗura tara cikin goma, wanda abin ya rutsa da shi ko wani abokin tafiyarsa ne ya tayar da ita da nauyin jikinsa.

Mene ne yawon siki a dawa

Siki wasu siraran katakai ne guda biyu, tsawon kowanne ya kusan tsayin mutum, ana ɗaura su a ƙarƙashin takalma domin zamiya a kan dusar ƙanƙara. Mafi yawan masu wannan wasa a tashoshin siki suke yinsa. A can akwai kujerun da ke rataye a igiyar ƙarfe suna kai mutane sama, akwai hanyoyin gangarowa da aka daddale aka yi musu alama, akwai kuma ma'aikatan da ke fita da sassafe su jefa nakiya a gangaren da suke shakka, su zaftaro dusar da kansu kafin a buɗe wa jama'a.

Yawon siki a dawa, wanda Faransawa ke kira ski de randonnée, ya bar duk wannan tsari a baya. Mai yinsa da ƙarfinsa yake hawa. Yakan manna wani ƙyalle mai gashi a ƙasan katakon, gashin a kwance ya fuskanci baya, sai katakon ya zame gaba amma ba ya komawa baya. Asali da fatar wata dabbar teku ake yin ƙyallen, yanzu kuwa da gashin akuyar Angora ko da nailan. Wajen hawa diddigen takalmin a sake yake domin mutum ya iya takawa. In an kai sama sai a ɓare ƙyallen, a kulle diddigen, a gangaro. Mai matsakaicin ƙarfi yakan hau mita 300 zuwa 400 a awa guda, tafiyar yini kuma takan kai hawan mita 1000 zuwa 1500. Domin kwatance, Idoukal-n-Taghès na tsaunukan Bagzan, dutse mafi tsawo a Nijar, mita 2022 ne. A Alp, da yawa daga cikin waɗannan tafiye-tafiye a kusan wannan tsawo suke farawa, Mont Blanc kuwa ya haura mita 4800.

Abin da ke jan mutane shi ne shiru, da dusar da babu wanda ya taka. Farashinsa shi ne babu wanda ya duba gangaren kafin su. Mai yawon shi ne zai yanke hukunci ko wurin zai ɗauke shi.

Taƙaitaccen tarihi

Mutanen arewacin Turai sun daɗe suna tafiya da siki domin farauta da zirga-zirga. A 1888 Fridtjof Nansen ɗan ƙasar Norwe ya ratsa tsibirin Girinlan da siki, labarinsa ya sa matasan Alp suka fara gwada katakan a manyan duwatsu. A 1897 Bajamushe Wilhelm Paulcke da abokansa suka ratsa tsaunukan yankin Bern na Suwis. A watan Janairun 1903 wani likitan garin Chamonix, Michel Payot, tare da ƴan jagora na garin, suka fara gwada hanyar da ta fi kowace shahara a yau, Haute Route, wadda ta haɗa Chamonix na Faransa da Zermatt na Suwis. Ana yinta cikin kwana shida ko bakwai, galibi daga Maris zuwa farkon Mayu, ana kwana a masaukan da ƙungiyoyin masu hawan dutse suka gina a can sama. Sojan Suwis ya fara shirya tseren Patrouille des Glaciers tsakanin Zermatt da Verbier a 1943. Tseren hawan dutse da siki ya shiga jerin wasannin Olamfik na hunturu a karon farko a gasar Milan da Cortina ta 2026.

Yawan masu yawon ya ƙaru ƙwarai a shekarun baya-bayan nan, saboda kayan sun rage nauyi. A hunturun 2020 zuwa 2021, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe na'urorin kai mutane sama a tashoshin Faransa, dubban sababbin shiga suka koma hawa da ƙafa. A wannan hunturu kusan mutum 40 zaftarewa ta kashe a ƙasar.

Daga ƙauyuka zuwa masu yawo

A hunturun 1950 zuwa 1951 zaftarewa ta kashe mutum 98 a Suwis kaɗai, akasarinsu a gidaje da garken dabbobi. Ranar 10 ga Fabrairun 1970 wata ta faɗa wa masaukin matasa na UCPA a Val d'Isère ana cikin karin kumallo, mutum 39 suka mutu. Wannan ne ya sa aka kafa ƙungiyar ANENA a Grenoble a 1971, wadda har yau take tattara alƙaluman haɗura a Faransa, tana horar da jama'a. A Suwis, cibiyar SLF ta Davos ce ke wannan aiki, an kuma fara binciken dusar ƙanƙara a can tun 1936. A watan Fabrairun 1999 an sake ganin bala'in: mutum 12 a Montroc kusa da Chamonix ranar 9, mutum 12 a Evolène na Suwis ranar 21, mutum 31 a Galtür na Ostiriya ranar 23.

Bayan kowane irin wannan hunturu ƙasashen sun ƙara tsaro. An kafa shingayen ƙarfe a saman gangare domin riƙe dusar a inda ta zuba, an dasa itatuwa, an yi wa hanyoyin mota rufin kankare, an zana taswirar wuraren da aka hana gini, an tsara kwashe mutane kafin lokaci. Mutuwa a gidaje da kan hanya ta ragu sosai. A Suwis a yau, sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda zaftarewa ke kashewa a dawa suke, inda babu shinge babu mai gadi.

Yadda zaftarewa ke tashi

Dusar da ke kan dutse ba dunƙule ɗaya ba ce. Kowace zubowa tana barin shimfiɗarta, rana da iska da sanyi su sake mata kama kafin wata ta hau kanta. In aka haƙa rami a tsakiyar hunturu za a ga shimfiɗun hawa-hawa, wata da tauri, wata da laushi, wata ta daskare kamar gilashi.

Akwai zaftarewar da ke farawa daga wuri guda, ƴar dusa ta gangaro tana jan wata, tana faɗaɗa. Wanda ya taɓa taka bayan tudun rairayi a Tenere ko a Tal ya ga irinta, domin rairayi ma in karkatarsa ta kai kusan digiri 34 sai ya zubo. Wannan ba ita ce ta fi kisa ba, tun da a ƙarƙashin ƙafar mutum take tashi ta yi ƙasa ta bar shi.

Wadda ke cin kusan kashi 90 cikin 100 na rayuka ita ce ta allo, wadda Faransawa ke kira plaque. A ɗauka an baza gero a kan tebur, an ɗora allo a kai, aka ɗaga gefen tebur ɗin. Allon zai tsaya na ɗan lokaci, amma da an taɓa shi sai ya tafi gaba ɗaya. Haka abin yake a dutse: shimfiɗa mai haɗin jiki a sama, shimfiɗa mai rauni a ƙarƙashinta, da gangare mai isasshiyar karkata. Nauyin mai siki yana ratsa dusar har kusan zurfin mita guda. In ya iske shimfiɗar mai rauni sai ta ruguje a wurin, tsagar ta ruga ta ƙarƙashi da gudun mitoci da dama a daƙiƙa, ta kai nisan mita ɗari ko fiye, sannan allon ya tsinke ta saman mutumin. Shi ke nan yana tsaye a tsakiyar abin da ke tafiya. Cikin ƴan daƙiƙoƙi gudun yakan kai kilomita 100 a awa. Ana iya tayar da ita daga nesa ma: mutum yana tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri a gindin gangare, tsagar ta hau sama ta sako masa allon.

Allon da ake ganin ƙarami ne ma yana da nauyi. Mai faɗin mita 50, tsawon mita 50, kaurin rabin mita, yakan kai tan 250, wato nauyin tirela shida maƙare da kaya.

Shimfiɗa mai rauni daga sanyi take samuwa. Ƙasar da dusa ta lulluɓe tana zama kusa da digiri sifiri, alhali iskar sama tana iya sauka zuwa digiri 15 ko 20 ƙasa da sifiri. In dusar ba ta da kauri, wannan bambanci yakan sa tururin ruwa ya riƙa tasowa daga ƙasa zuwa sama, ƙwayoyin ƙanƙarar su koma masu kusurwa kamar sukari, ba sa manne wa juna. Ko an damƙa su a hannu ba sa dunƙuluwa. Wata hanyar kuma ita ce raɓar da ke daskarewa a saman dusa a daren da babu gajimare, daga baya sabuwar dusa ta binne ta a tsaye. Irin wannan shimfiɗa tana iya yin makonni ko watanni a ɓoye, kuma ba a ganinta daga sama. Shi ya sa hunturun da ya fara da ƙarancin dusa da tsananin sanyi yakan fi kisa a kan wanda dusar ta zuba da yawa tun farko.

Gangare, iska da rana

Zaftarewar allo tana tashi ne a gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30, ta fi yawa tsakanin digiri 35 da 45. Ƙasa da digiri 30 allon ba ya zamewa, sama da 50 kuma dusar ba ta cika taruwa ba, zubewa take yi kaɗan-kaɗan. Matsalar ita ce wannan tsakiyar ita ce ta fi daɗin zamiya. Gangaren da ke fuskantar arewa, wanda rana ba ta cika bugawa ba, ya fi riƙe shimfiɗa mai rauni, ya kuma fi riƙe dusa mai laushin da masu yawo ke nema.

Masu hawan dutse suna cewa iska ce maginin zaftarewa. Tana kwashe dusa daga gefen da take bugawa, ta niƙe ta, ta jibge a ɗaya gefen, musamman ƙarƙashin doron dutse da cikin kwazazzabai. Dare guda na iska mai ƙarfi ya isa ya gina allo ko da ƙwayar dusa ba ta zubo daga sama ba. Sabuwar dusa kuwa, in yanayi na da kyau sai ta kai santimita 30 zuwa 50 kafin ta zama barazana, in kuma akwai iska da tsananin sanyi santimita 10 zuwa 20 ta isa. Kwanaki biyu ko uku na farko bayan zubowa, musamman ranar farko da gari ya washe, su ne mafi haɗari.

Daga Maris zuwa Mayu matsalar takan sake. Da dare dusar tana daskarewa ta yi ƙarfi, da hantsi rana ta narkar da ita, ruwa ya ratsa, sai ta zaftaro jiƙaƙƙiya, mai nauyi kamar kwaɓaɓɓen siminti. Don haka a wannan lokaci ake barin masauki tun kafin asuba da fitila a goshi, a sauko kafin rana ta take.

Abin da ke ƙasan gangaren ma yana da muhimmanci. Ƙaramar zaftarewa tana kisa in ta jefa mutum a kwazazzabo inda dusar za ta taru a kansa mita biyu ko uku, ko ta buga shi da itace, ko ta wurga shi daga bakin dutse.

Dutsen yakan ba da alamu uku da ake koya wa kowa: sabuwar zaftarewa a gangaren da ke kusa, tsaga da ke rugawa daga bakin katako, da wata ƙara mai zurfi kamar an buga ganga a ƙarƙashin ƙasa, wadda ke nufin shimfiɗa mai rauni ta ruguje. Wanda ya ji wannan ƙara, dutsen ya riga ya ba shi amsa.

Ma'aunin haɗari mai hawa biyar

Tun 1993 ƙasashen Turai suke amfani da ma'auni ɗaya. A Faransa hukumar Météo-France ce ke fitar da sanarwa kowace la'asar domin washegari, yanki-yanki. A Suwis SLF tana fitarwa sau biyu a rana a tsakiyar hunturu.

Mataki na 1, haɗari kaɗan, launin kore: dusar ta zauna a kusan ko'ina.
Mataki na 2, haɗari matsakaici, launin rawaya: akwai wasu gangare masu rauni.
Mataki na 3, haɗari bayyananne, launin lemo: mutum ɗaya na iya tayar da allo a gangare da yawa.
Mataki na 4, haɗari mai ƙarfi, launin ja: manyan zaftarewa na tasowa da kansu.
Mataki na 5, haɗari mai tsanani: ƙauyuka da hanyoyin mota na cikin barazana.

Alƙaluman SLF sun nuna kusan rabin mamatan a mataki na 3 suka mutu, kimanin kashi 30 cikin 100 a mataki na 2. A mataki na 4 da na 5 yawancin mutane gida suke zama. Mataki na 3 kuwa, da yake a tsakiya yake, wasu suna ɗaukarsa abin da za a iya lallaɓawa, alhali haɗarin ninkuwa yake daga mataki zuwa mataki. Sanarwar ba lamba kaɗai ba ce: tana faɗin daga wane tsawo, a wace fuskar dutse, da wace irin matsala, sabuwar dusa ce, ko allon iska, ko tsohuwar shimfiɗa mai rauni, ko jiƙaƙƙiyar dusa. Kuma yanki take bayyanawa, ba gangare guda ba. Ranar 9 ga Afrilun 2023, a Armancette da ke tsaunukan Mont Blanc, zaftarewa ta kashe masu yawon siki shida, biyu daga cikinsu ƴan jagora ne ƙwararru, a ranar da ma'aunin yake mataki na 2.

Minti 15 na farko

Da zaftarewa ta tsaya sai dusar ta cure ta yi tauri nan take. Wanda ta binne gaba ɗaya ba ya iya motsa ko yatsa, ba ya sanin ina ne sama. Kusan kashi uku cikin huɗu na mamatan rashin numfashi ne ke kashe su, kusan kashi ɗaya cikin huɗu raunukan bugu da dutse ko itace. Sanyi kaɗai ba ya cika kisa ba, domin numfashi ke riga shi ƙarewa. Dusa takan toshe baki da hanci, in ma ba ta toshe ba, ɗumin numfashin yakan narkar da ita a gaban fuska ta sake daskarewa, mutum ya riƙa maimaita shaƙar iskar da ya fitar.

Wani bincike da likita Hermann Brugger da abokan aikinsa suka wallafa a 1994 a kan haɗuran Suwis ya nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka tono cikin minti 15 suna da rai. Zuwa minti 35 adadin ya faɗi zuwa kusan kashi 30. Waɗanda suka wuce nan su ne masu ɗan sarari na iska a gaban fuska. Binciken da aka yi daga baya ya nuna lokacin ma ya fi haka gajarta, kusan minti 10.

Jirgi mai saukar ungulu ba ya cika isowa cikin wannan lokaci ba, in kuma akwai hazo ko iska ba ya tashi sam. Ran wanda aka binne a hannun abokan tafiyarsa yake. Tsarin da ake koyarwa shi ne a lura da wurin da aka yi masa ganin ƙarshe, mutum ɗaya ya jagoranci aikin, a kira lamba 112, kowa ya juya na'urarsa zuwa nema, a bi sigina har a kusanto, a soka sanda har a taɓa jiki, a bar sandar a wurin, a fara haƙa daga ɓangaren ƙasa ana karɓa-karɓa. Haƙa ce ke cin mafi yawan lokaci: wanda ke zurfin mita guda, sai an kwashe tan guda ko fiye kafin a kai gare shi. Da an ga kai, a share baki da hanci kafin komai.

Kayan da ba a fita babu su

Abu uku ne tilas ga kowane mutum a ayari. Na farko na'urar DVA, wadda ake ratayawa a jiki cikin riga, tana fitar da sigina a zangon kilohaz 457, zango ɗaya a duk duniya, ana kuma juya ta zuwa nema. Wayar salula tana rikita ta, shi ya sa ake nisanta su da juna. Na biyu sanda mai naɗewa da ta kai aƙalla santimita 240. Na uku shebur na ƙarfe. Rashin ɗaya daga cikinsu yakan ɓata amfanin sauran, kuma wanda bai yi atisaye da su ba yakan ruɗe a ranar da ake buƙata.

Akwai kuma jakar baya mai balan-balan, wadda aka fara sayarwa a 1985. In mutum ya ja igiya sai ta kumbura da iska kimanin lita 150. Kamar yadda manyan tsakuwa ke tasowa sama in an girgiza ƙwaryar hatsi, haka babban abu ke tasowa a cikin dusa mai gudu. Wani bincike na 2014 ya gano cewa jakar da ta kumbura tana rage mutuwa daga kashi 22 zuwa kashi 11 cikin 100. Ba ta hana bugu da dutse, ba ta kuma da amfani in dusar ta taru a kan mutum a cikin rami.

A Faransa aikin ceto a dutse yana hannun jandarmomin PGHM, da ƴan sandan CRS, da ƴan kwana-kwana. An kafa rukunin jandarmomin dutse na Chamonix a 1958, bayan wasu matasa biyu sun mutu a Mont Blanc a farkon 1957 ana ta jayayya a kan wanda zai je cetonsu. Suna aiki da karnuka masu horo, waɗanda ke bincika fili cikin ɗan lokacin da mutum ashirin masu sanda za su yi awoyi a kai.

Me ya sa ƙwararru ma suke mutuwa

Yawancin mamatan ba baƙin dutse ba ne. Ranar 18 ga Janairun 2016, a Valfréjus na jihar Savoie, zaftarewa ta rutsa da sojojin rundunar Légion étrangère da ke atisaye da siki, shida suka mutu. Ranar 23 ga Janairun 1998, a saman garin Crots kusa da Les Orres, ta kashe mutum 11 cikin ayarin ƴan makaranta da ke tafiya tare da ɗan jagora, tara daga cikinsu yara ne.

Wani mai bincike ɗan Amurka, Ian McCammon, ya duba haɗura sama da 700 ya gano cewa a mafi yawansu akwai alamun haɗari a fili, mutanen kuma sun gan su. Abin da ya rinjaye su halin ɗan Adam ne. Wanda ya saba da wuri yakan ɗauka yau ma kamar jiya ce. Wanda ya yi tafiyar awa huɗu, ko ya biya kuɗin masauki, ba ya son juyawa ga ƙoƙuwar dutse yana gani. Ayari yakan bi wanda ake ganin ya fi sani ba tare da tambaya ba. Ganin sawun wasu yakan kwantar da hankali, alhali allo na iya ɗaukar mutum goma ya tsinke a kan na sha ɗaya. Dusar kuma mugun malami ce: mutum na iya yin kuskure sau ɗari ya dawo gida lafiya, ya ɗauka gwaninta ce.

Saboda haka ne Werner Munter, ɗan jagora daga Suwis, ya fito da tsari a shekarun 1990 wanda ya ɗora hukunci a kan ƙa'ida maimakon yadda mutum ke ji a ransa. Ana duba abu uku, yanayin dusa, yanayin ƙasa da halin ayari, a lokaci uku: a gida kafin fita, a wurin da aka isa, da gaban kowane gangare. Ƙa'idarsa mafi sauƙi ta ce a mataki na 2 kada a shiga gangaren da ya kai digiri 40, a mataki na 3 kada a kai digiri 35, a mataki na 4 a tsaya ƙasa da digiri 30. Ana ƙara da barin tazara wajen hawa, da gangarowa ɗaya bayan ɗaya, da tsayawa a wurin da dusa ba za ta iske mutum ba, domin in abin ya auku mutum ɗaya ya shafa, saura su yi haƙa.

Sauran haɗura

Zaftarewa ba ita kaɗai ba ce. A kan daskararrun kogunan ƙanƙara akwai ramuka masu zurfin mitoci da dama waɗanda dusa ke rufe bakinsu. Akwai hazon da ke haɗe sama da ƙasa su zama fari ɗaya, mutum ya rasa gabas. A daren 29 zuwa 30 ga Afrilun 2018, guguwa ta tare mutum 14 a Pigne d'Arolla, a kan hanyar Haute Route, suka kwana a fili ƴan ɗaruruwan mitoci daga masaukin Vignettes. Sanyi ya kashe bakwai.

Inda abin ya shafi ƴan Afirka

A Afirka ma ana wannan yawo. A tsaunukan Atlas na Maroko, masu siki suna hawa Toubkal mai mita 4167 daga ƙauyen Imlil, kuma zaftarewa na aukuwa a can bisa ƙa'idojin da aka bayyana a sama.

Amma ƴan Afirka ta Yamma sun fi haɗuwa da wannan haɗari ta wata hanya dabam. Tun wajen 2017, dubban baƙin haure, da yawansu matasa daga Gini, Kodebuwa da Mali waɗanda suka ratsa Sahara da Bahar Rum, suke tsallaka iyakar Italiya zuwa garin Briançon na Faransa da ƙafa. Suna bi ta mashigin Montgenèvre mai kimanin mita 1850, ko ta mashigin Échelle mai mita 1762, wanda ake rufe hanyar motarsa duk hunturu. Gudun kamu yakan sa su bar hanya su hau gangare da dare, da takalman gari, babu DVA babu shebur, ba su kuma san matakin da ma'aunin yake ba. An yanke wa wasu yatsu ko ƙafafu saboda sanyi, an tsinci gawarwakin wasu bayan dusar ta narke. Mazauna yankin masu aikin sa kai, cikinsu har da ƴan jagora da ma'aikatan lafiya, suna zagaya mashigun da dare suna neman waɗanda suka ɓata, akwai kuma masaukin gaggawa a Briançon tun 2017. Lamba 112 kyauta ce a Faransa da Italiya, kuma jandarmomi da ƴan sandan ceto na ɓangaren Faransa ba sa karɓar kuɗi a hannun wanda suka ceto.